Bauchi, Zariya ko Kwantagora: Ina Mai Karatu Daga Jos Ya Kamata Ya Fara Ziyarta?

Idan hutun ƙarshen zango ya ƙarato, malaman Hausa a makarantun sakandare na Jos, da iyayen da suka tashi da karatun littattafan hira na farko, sukan yi shawarar fita da ɗalibai ko da iyali zuwa wani gari da aka ambata a cikin waɗannan littattafai, domin yaro ya gani da idonsa cewa sunayen da yake haddacewa saboda jarrabawa garuruwa ne da mutane ke kwana suke tashi a cikinsu. Garuruwa uku ne suka fi fitowa a irin wannan shawara, wato Bauchi da Zariya da Kwantagora, kuma tun da aljihu da lokaci ba sa barin a haɗa su a fita ɗaya, dole ne a zaɓi guda. Abin da kowanne zai ba baƙo ya bambanta ƙwarai, kuma garin da sunansa ya fi maƙale wa littafi a zukatan masu karatu ba lallai ne ya zama shi ne ya fi abin gani ba.

Tushen maganar ɗaya ne. A 1933 Rupert East, wanda ke shugabantar Hukumar Fassara a Zariya, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko, kuma daga wannan yunƙuri ne aka samu littattafai biyar da suka fara fitowa daga 1934: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East ɗin. Bauchi ta shiga lissafi ne saboda Shaihu Umar da marubucinsa, Kwantagora saboda Ruwan Bagaja da Ganɗoki, Zariya kuwa saboda a can ne aka tace dukkansu aka mai da su littattafai.

Akwai abin da ya kamata mai niyyar tafiya ya sani tun kafin ya ɗauki shatar mota. Marubutan nan sun gaji salon mai ba da labari da baka ne, wanda zai ambaci sunan gari ya wuce kai tsaye zuwa abin da ya faru a cikinsa, ba tare da ya tsaya siffanta lungu ko ƙofar gida ko inuwar wata bishiya ba. Saboda haka wanda ya tafi da littafi a hannu yana neman ainihin zauren da wane ya zauna, ko rijiyar da wance ta ɗebi ruwa, zai dawo yana ganin an yi asarar kuɗin mota. Abin da ake samu a irin wannan ziyara shi ne yanayin ƙasa, da nisan da ke tsakanin garuruwa, da ragowar ganuwa da ƙofofi, da tsarin fada da kasuwa da makarantar zaure, wato duniyar da marubucin ya ɗauka cewa mai karatunsa na 1934 ya riga ya san ta, wadda kuwa yaron da ya tashi a Unguwar Rogo ko Gangare a yau bai san ta ba. Da wannan ma'auni ne zan gwada garuruwan uku.

Bauchi ce mafi kusa, kuma wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce. Tsakaninta da Jos kimanin kilomita 130 ne, ta Tilden Fulani da Magama Gumau da Nabordo, kuma wanda ya tashi daga tashar Bauchi Road bayan sallar asuba zai iya gama ziyararsa ya dawo gida kafin magariba. Ga makarantar da za ta fita da ɗalibai masu yawa, musamman idan akwai 'yan mata a cikinsu, rashin buƙatar kwana yana warware rabin matsalar tun daga wajen neman amincewar iyaye.

Babban abin da Bauchi take da shi shi ne marubucin kansa. An haifi Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1912, ya yi karatu a Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, ya dawo ya koyar a makarantar Midil ta Bauchi, kuma yana saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya rubuta Shaihu Umar, tun kafin kowa ya yi tunanin zai zama Firayim Ministan Najeriya. Bayan kisan da aka yi masa a juyin mulkin Janairun 1966 an binne shi a Bauchi, kuma ginin tunawa da aka yi a kan kabarinsa, wanda aka buɗe a 1979, shi ne wurin da ya fi kowane tsari a cikin dukkan wuraren da nake magana a kansu. Baƙo yakan bi ta wani siririn lungu mai duhu da ke hawa a hankali har ya fito cikin haske, inda kabarin yake a fili ba rufi a samansa, kuma masu kula da wurin kan bayyana cewa duhun yana nuni da zamanin mulkin mallaka, hasken kuma da samun 'yancin kai. A gefe akwai ɗakin da aka ajiye wasu kayansa na amfanin yau da kullum da hotuna. Ɗalibin da ya san mutumin a jikin takardar naira biyar kawai zai fita daga nan da fahimtar cewa malamin makaranta ne da ya riƙe alƙalami kafin ya riƙe mulki.

Sai dai idan aka koma ga labarin da ke cikin littafin, rabon Bauchi kaɗan ne. Rauta, garin da Shaihu Umar ya zauna yana karantarwa har ɗalibansa suka tambaye shi asalinsa, gari ne na gaske da ke arewa maso yamma da birnin Bauchi, kuma ya taɓa zama mazaunin sarautar Bauchi na wani lokaci a ƙarshen ƙarni na 19, kafin Turawa su ci ƙasar a 1902. Amma a littafin Rauta shimfiɗa ce kawai, wurin da malamin ya zauna ya buɗe baki. Abubuwan da suka faru da shi, daga sace shi yana yaro har zuwa ƙetara hamada da wani Balarabe, duk a wasu ƙasashe suka faru. Rauta kuma ba a kan babban titi take ba, ba kuma wurin da aka tanada domin 'yan yawon buɗe ido ba ne, saboda haka wanda ya nace sai ya je yana bukatar ɗan gari da zai yi masa jagora, ya fara kai shi gaisuwa wurin masu sarautar garin kafin ya soma zagaye da ɗaukar hoto. A cikin birnin Bauchi, wanda Malam Yakubu, ɗaya daga cikin masu tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa a 1809, akwai fadar Sarki da sunayen tsofaffin ƙofofi irin su Ƙofar Ran da Ƙofar Wunti da Ƙofar Nasarawa, amma gine-ginen zamani sun cinye mafi yawan ganuwar. Mutane da yawa sukan ƙara da zuwa Yankari su yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki, abin da ba laifi ba ne, sai dai a nan an bar maganar littafi an shiga shaƙatawa, kuma ƙarin tafiyar yana tilasta kwana.

Zariya ta fi nisa, kusan ninki biyu, domin tsakaninta da Jos kimanin kilomita 240 ne ta Jengre da Saminaka da Pambeguwa. Dattawa suna tuna cewa akwai ƙaramin jirgin ƙasa da ya haɗa garuruwan biyu daga 1914 har aka rufe layin a 1957, amma yau sai mota, kuma ba tafiya ce da za a je a dawo a yini ɗaya a ce an ga wani abu ba. Ana bukatar kwana biyu aƙalla, da kuɗin masauki da na abinci, da kuɗin zirga-zirga a cikin gari, tun da wuraren a warwatse suke tsakanin Birni da Tudun Wada da Wusasa da Samaru.

Duk da haka, a ganina, Zariya ce ta fi biyan wahalar wanda littafi ne ya fito da shi daga gida, kuma dalilin farko zai ba wasu mamaki: kaso mai yawa na labarin Shaihu Umar da ya faru a ƙasar Hausa a ƙasar Zazzau ya faru. Mahaifiyar Umar mutuniyar Fatika ce, kuma Makau, mijin da ta aura bayan rasuwar mahaifin yaron, a Maƙarfi ya samu mafaka bayan da makirci ya sa aka kore shi daga garinsu. Fatika da Maƙarfi duk suna nan a arewacin jihar Kaduna. Wanda ya bi hanyar Zariya zuwa Kano ya ga shimfiɗaɗɗiyar ƙasar noma da garuruwan da ke nesa da juna zai gane yadda tafiyar 'yan kwanaki domin sallama da iyaye za ta iya raba uwa da ɗanta shekara da shekaru a zamanin da farautar bayi ta hana hanya aminci. Maƙarfi tana da sauƙin zuwa daga Zariya. Fatika kuwa tana cikin ƙaramar hukumar Giwa, yankin da ya sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan, don haka ba zan ba malami shawarar kai ɗalibai can ba.

Dalili na biyu shi ne birnin kansa. Cikin garuruwan uku, Zariya ce ta fi riƙe kamannin birnin Hausa na da, irin wanda littattafan 1934 suke ɗauka kowa ya sani. Har yanzu ana ganin ragowar ganuwa a wasu sassa, kuma ƙofofi irin su Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Kona ba sunaye ne a takarda kawai ba, mutane suna kwatance da su kullum. A gaban fadar Sarkin Zazzau akwai masallacin Juma'a da Babban Gwani Mika'ilu ya gina da ƙasa da azara a zamanin Sarki Abdulkarim, a farkon rabin ƙarni na 19, wanda aka lulluɓe abin da ya rage na tsohon gininsa da sabon gini a shekarun 1970. Bakan gizon da ke cikin wannan masallaci, wato lanƙwasasshen ginin da ke ɗauke da rufinsa, yana nuna wa yaro abin da magina suka iya tun kafin zuwan siminti, kuma bayan ya gan shi, kalmomin soro da zaure da shigifa da yake karantawa za su samu siffa a ransa. A unguwannin cikin birni kuma har gobe ana karatun zaure, inda malami ke zaune a kan buzu manyan ɗalibai suna kewaye da shi kowa da littafinsa, kuma wannan shi ne ainihin zaman da Shaihu Umar ya buɗe da shi, ko da yake marubucin a Rauta ya ajiye shi.

Dalili na uku ya shafi yadda aka haifi littattafan. A Zariya Hukumar Fassara ta koma Hukumar Talifi, a nan Abubakar Imam ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce a tsakiyar shekarun 1930, a nan kuma aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939 da shi a matsayin edita. An kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, kamfanin NNPC mai buga littattafai kuma a 1966, kuma yawancin kwafin da ɗalibai suka riƙa karantawa a makarantun Arewa daga wannan gari suka fito. A kan titin Gaskiya ne Kwalejin Barewa take, wadda ita ce magajiyar Kwalejin Katsina da Imam da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu a cikinta, bayan ta yi zango a Kaduna daga 1938 ta iso Zariya a 1949. Wusasa, garin John Tafida, tana bayan gari kusa da dutsen Kufena, da tsohuwar majami'arta ta ginin ƙasa da aka yi a 1929, kuma zuwa can yana tuna wa baƙo cewa Hausawa Kirista ma suna cikin waɗanda suka aza harsashin rubutun boko. Ga ɗalibin jami'a ko malamin da ke son zurfafa bincike, ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, shi kaɗai ya isa dalilin ƙara kwana.

Raunin Zariya shi ne babu wani wuri guda da aka shirya domin karɓar mai irin wannan ziyara kamar yadda aka shirya kabarin Tafawa Ɓalewa. Gine-ginen da suka shafi tarihin ɗab'i wuraren aiki ne, makarantu suna da dokokinsu na shiga, fada kuma ba a faɗa mata haka kawai. Wanda bai rubuta takardar neman izini tun da wuri ba, bai kuma samu wani malami ɗan gari da zai riƙa buɗe masa ƙofa da bayani ba, zai iya yini yana kallon katanga daga waje. Ƙananan yara 'yan firamare ma za su gaji, domin yawancin abin da ke Zariya sai an yi bayani kafin a ga darajarsa.

Kwantagora ita ce ta fi jan zuciya idan ana hira, ita ce kuma ta fi wuya idan aka zo aiki. Daga nan Alhaji Imam, jarumin labarin Ruwan Bagaja, ya tashi neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, kuma Ganɗoki jarumi ne na Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, wanda Turawa suka ci garinsa a 1901. Marubutan biyu, Bello Kagara da Abubakar Imam, wa da ƙane ne, 'yan Kagara a jihar Neja ta yanzu, inda aka haifi Imam a 1911. Garin Kwantagora kuma yana da tarihinsa, tun daga Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, wanda ya kafa shi a 1864, ga kuma Zungeru a kan hanya, inda Lugga ya ajiye hedikwatar mulkin Arewa daga 1902 kafin a mayar da ita Kaduna. Amma littattafan biyu ba su daɗe a Kwantagora ba. Alhaji Imam da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe suna fita suka shiga ƙasashe masu nisa da duniyar aljanu, Ganɗoki ma bayan yaƙe-yaƙen farko can ya nufa, kuma babu motar da ke zuwa waɗannan wurare. Ga nisa, wanda daga Jos ya haura kilomita 500 ta Abuja da Minna, wato yini guda cur a zuwa, wani a dawowa. Ga kuma abin da ya fi nisan nauyi: a Fabrairun 2021 aka sace ɗalibai da ma'aikata a Kwalejin Kimiyya ta Gwamnati da ke Kagara, a watan Mayun shekarar kuma aka kwashe yaran wata Islamiyya a Tegina, garin da hanyar Minna zuwa Kwantagora take ratsawa. Baligin da yake da dangi a can, wanda zai tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki a makon da zai tashi, shi ya san abin da ya fi masa. Fita da 'ya'yan mutane zuwa wannan yanki saboda littafi kuwa ba shawara ce da zan sa hannu a kanta ba.

Saboda haka zaɓin na gaskiya tsakanin Bauchi da Zariya yake, kuma ya danganta da su wane ne za su hau motar. Idan ɗaliban ƙaramar sakandare ne, ko iyali da ƙananan yara, ko kuwa kuɗin da aka tara bai wuce na mai da abincin rana ba, Bauchi ta wadatar, da sharaɗin malami ya faɗa musu tun a aji cewa marubucin za su ziyarta, kada su sa rai da ganin inda aka sace Umar. Idan kuwa ɗaliban babbar sakandare ne masu shirin jarrabawar adabi, ko ɗaliban sashen Hausa na kwalejin ilimi da jami'a, ko manya 'yan ƙalilan da za su iya haɗa kuɗin kwana biyu, to a daure a tafi Zariya, ko da hakan na nufin a jinkirta tafiyar zuwa wani zangon domin a ƙara tari. Na fi son a je Zariya sau ɗaya da shiri a kan a je Bauchi sau uku ana maimaita hoto a ƙofar kabari.

Mutanen Jos suna da wata dama da mazauna wasu garuruwa ba su da ita, kuma abin mamaki ne yadda ba a cika amfani da ita ba. A harabar gidan adana kayan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, akwai sashen gine-ginen gargajiya inda aka kwaikwayi masallacin Juma'a na Zariya da wani ɓangare na ganuwar Kano da girmansu na ainihi, da ƙasa kamar yadda aka yi na asali. Damina ta yi wa wasu daga cikinsu illa, amma yini ɗaya a can kafin tafiya zai sa ɗalibi ya isa Zariya da idon da ya riga ya san abin da zai duba. Makarantar da ta zaɓi Bauchi ma za ta iya cike gurbin ganuwa da soro da wannan ziyara ta cikin gida, wadda kuɗinta bai wuce na keke da tikitin shiga ba.

Game da lokaci, hutun Disamba ya fi dacewa da garuruwan biyu, domin hanya a bushe take, kuma wanda ya saba da sanyin Filato zai sha wuya a zafin Bauchi ko na Zariya a watannin Maris da Afrilu. Wasu sukan so a haɗa tafiyar da bikin Sallah domin a ga hawa, kuma gaskiya ne cewa dawaki da lifidi da 'yan kwalkwali a Hawan Daushe suna kusantar da mai karatu ga duniyar Makau da Ganɗoki fiye da kowane bayani na malami. Sai dai a ranakun ofisoshi da makarantu da ɗakunan karatu duk a rufe suke, masauki yana tsada, kuma fadawa ba su da sukunin sauraron baƙo. Wanda ya nufi Zariya domin tarihin ɗab'i da ɗakin karatu ya zaɓi ranakun aiki daga Litinin zuwa Alhamis, ya aika takardar neman izini ga makarantu da fada makonni kafin ya tashi, ya kuma bar Jos da sassafe domin ya wuce Pambeguwa da sauran rana a gaba.